Tantabarun Terry da sunaye takwas na Kazan

Duk wanda ya yi kiwon tantabara yana yaro zai gane abin da ya sa wuri ɗaya a fim ɗin On the Waterfront ya tsaya mini a rai. Terry Malloy, lebura a tashar jiragen ruwa, ya dawo daga gaban hukumar bincike, ya faɗi abin da ya sani a kan shugaban ƙungiyarsu, ya hau saman bene inda yake kiwon tantabarunsa. Yaron da ke taya shi zuba musu tsaba da ruwa, wanda har tafiyarsa yake kwaikwayo, yana tsaye yana kuka. Ya jefo masa mushen tantabara ya ruga da gudu. Terry ya leƙa ɗakin tsuntsayen, babu ko ɗaya mai motsi, yaron ya kashe su duka. A bakin mutanen tashar, tantabara ita ce sunan da ake laƙaba wa mai kai rahoton 'yan'uwansa ga hukuma. Babu wanda ya aiki yaron nan, babu wanda ya ba shi ko sisi. Tarbiyyar unguwa ce ta yi aikinta, kuma har cikin zuciyarsa yana ganin shi aka ci wa amana.

Nawa tantabarun a tukwane suke, waɗanda muka rataye a jikin katangar bayan gida, kuma na san yadda yaro ke ji idan ya tarar da guda ɗaya muzuru ya taɓa ta, balle a ce shi da hannunsa ya yi. Yaron da ya iya wannan, abin da aka cusa masa ya fi ƙarfin son da yake yi wa tsuntsayen.

Fim ɗin ya fito a 1954, baƙi da fari ne, Elia Kazan ya ba da umarni, Budd Schulberg ya rubuta labarin, Marlon Brando ya fito a Terry. A garin Hoboken na jihar New Jersey aka ɗauke shi, a tsakiyar hunturu, ga birnin New York can tsallaken kogin Hudson kamar wata duniya daban. Sanyin da ake gani a fuskokin mutane na gaske ne, tururin da ke fita daga bakinsu ma haka. Leburorin tashar da yawa sun fito a ciki da kayan aikinsu, kuma ƙartin da ke tsaron ubangidan ƙungiyar leburori a fim ɗin, wato Tony Galento da Tami Mauriello da Abe Simon, tsofaffin 'yan dambe ne waɗanda kowannensu ya taɓa karawa da zakaran damben duniya Joe Louis. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar 8 cikin 12 da aka sa shi takara. Ba kyaututtukan ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da fim ɗin ya ɗauko, wadda mu ma muke fama da ita kullum a ofis da kasuwa da tasha: yaushe buɗe baki yake zama shaida, yaushe yake zama annamimanci? Ina ganin fim ɗin ya amsa ta daidai a kan Terry. Wanda ya yi fim ɗin kuma ya so ya ari amsar ya yafa wa kansa, sai dai rigar ba ta yi masa ba.

Bari mu fara da tashar, don ba ƙirƙirarta aka yi ba. A 1948 wani ɗan jarida mai suna Malcolm Johnson ya rubuta jerin rahotanni 24 a jaridar New York Sun a kan ta'asar da ake yi a tashoshin jiragen ruwan birnin, har aka ba shi babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 1949. Abin da ya bankaɗo shi ne ƙashin bayan fim ɗin. A wancan zamani lebura ba shi da tabbacin aiki ko na kwana biyu. Kowace safiya maza su taru a bakin ƙofar tasha su yi da'ira, heluma ya fito ya duba fuskoki, ya nuna wanda ya ga dama ya miƙa masa ɗan ƙarfen shaidar aiki. Kullum mutane sun fi guraben yawa, kuma hakan ya yi wa masu jiragen daɗi, ya yi wa shugabannin ƙungiya daɗi. Wanda ke son a riƙa nuna shi, sai ya yanka wani abu daga ladansa ya mayar wa heluma, ko ya ci bashi da ruwa a hannun mutumin ubangida, don an san wanda ake bi bashi dole a ba shi aiki ya samu abin biya. Ga satar kaya daga cikin jirage, ga caca. Ƙungiyar leburorin, wadda ake kira ILA a taƙaice, tana hannun Joseph Ryan tun 1927, kuma a 1943 aka naɗa shi shugaba na har abada. Wani matashin lebura a Brooklyn mai suna Pete Panto da ya yi ƙoƙarin haɗa kan 'yan'uwansa su ƙwaci ƙungiyarsu, ya ɓace a 1939, sai daga baya aka tono gawarsa a New Jersey.

Akwai wurin da fim ɗin ya nuna wannan a cikin minti ɗaya, ya fi dogon bayani. Heluma ya gama raba wa nasa, sauran mutane suka matso suna roƙo, sai ya watsa ragowar ƙarafan sama suka zube a ƙasa. Magidanta, wasu da furfura, suka dira a kai suna kokawa suna tattake juna, 'yan ubangida na gefe suna dariya. Wanda ya taɓa wucewa ta wata mahaɗar hanya da sassafe a manyan garuruwanmu, ya ga leburori zaune da shebur da diga da kwanon kankare, ya ga yadda suke yanyame mota idan ta rage gudu, ba ya buƙatar a fassara masa wannan wurin. Mutumin da abincin gidansa na yau yake a ɗan yatsan wani, ba a yi masa wa'azin jarumta da arha.

Daga nan dokar tashar ta samo asali, wadda su da kansu suke kira zama kurma kuma bebe. Ba ka ji ba, ba ka gani ba. A fim ɗin, an jefo wani lebura mai suna Joey Doyle daga saman bene saboda zai je ya ba da shaida, unguwa duka ta san wanda ya sa aka yi, amma ɗan sanda ya tambaya kowa ya kau da kai, har mahaifin mamacin. Mu ma muna da namu: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, baki shi ke yanka wuya. Kuma ban yarda da masu cewa wannan ɗabi'a tsoro ce zalla ba. Talakan da ya san ɗan sanda da alƙali da ɗan siyasa duk suna cin abinci a kwano ɗaya da wanda ya zalunce shi, shirunsa hankali ne. Leburorin New York da yawa 'ya'yan baƙin haure ne daga Ailan da Italiya, mutanen da suka gaji ƙin hukuma tun daga ƙasashen iyayensu, inda mai kai rahoto ya sha jawo wa dangi ɗauri da rataya. Shirun ya taɓa zama garkuwarsu. Abin da Johnny Friendly, ubangidan ƙungiya a fim ɗin, ya yi shi ne ya karɓe garkuwar nan daga hannunsu ya kare kansa da ita. Yana yi musu magana da harshen 'yan'uwantaka, yana tuna musu shi ma daga cikin ramin jirgi ya taso, yana cusa wa Terry kuɗi a aljihu kamar ɗansa. Rufin asirin da aka gina don kare mai rauni ya koma bargon mai ƙarfi, su kuma suna ta gadinsa suna ganin mutuncinsu suke karewa.

Abin da ya sa na yarda da Terry shi ne bai waye gari jarumi ba. Shi ne ya kira Joey ya hau saman benen, da sunan ya tsinci tantabararsa, yana zaton ɗan tsoratarwa kawai za a yi masa. Ya ci ladan kuturu: an ba shi aiki mai sauƙi a ɗakin ajiya, yana kwance a kan buhunan kofi yana duba mujalla ana rubuta masa lada. Rabin fim ɗin gudu yake yi daga abin da ya sani. Ƙanwar mamacin, Edie, wadda Eva Marie Saint ta fito a matsayinta a fim ɗinta na farko, ba ta san da hannunsa a ciki ba, shi kuma ya kasa rabuwa da ita. Suna tafe a wani fili safar hannunta ta faɗi, ya ɗauka, maimakon ya miƙa mata sai ya zauna a kan lilo ya zura hannunsa a ciki yana ta surutu, don ya san muddin safar na hannunsa ba za ta tafi ba. Ranar da ya faɗa mata gaskiya kuwa, jirgi ya saki ƙaho, ƙarar ta danne maganarsa, sai bakinsa kawai muke gani yana motsi da hannayenta a kan kunnuwanta.

Sai wurin motar haya, wanda ko waɗanda ba su ga fim ɗin ba sun ji labarinsa. An aiko wansa Charley, mai riƙe wa Friendly lissafi, ya shawo kansa ko kuma ya kai shi inda za a gama da shi. Charley ya yi lallashi, ya yi tayin aiki mai maiƙo, da abin ya ƙi sai ya zaro bindiga. Terry bai tsorata ba, bai yi fushi ba, ya sa hannu ya kau da bakin bindigar a hankali kamar mai jin kunya a madadin wansa. Sannan ya tuna masa daren da yake ɗan dambe mai tashe, zai kara a babban ɗakin wasanni na Madison Square Garden da wanda ya san zai iya kayarwa, Charley ya shigo ɗakin shiri ya ce masa ya faɗi da gangan don sun zuba kuɗi a kan abokin karawar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ke ci masa rai shi ne wansa ne, wanda ya kamata ya kula da shi. A wannan kujerar bayan mota Terry ya gane cewa amanar da ake ce masa kada ya ci, tuni an ci tasa, kuma a gida aka fara. Charley ya miƙa masa bindigar ya sauke shi. A daren aka rataye gawar Charley a jikin ƙugiya a wani lungu.

Limamin cocin da ke cikin labarin, Fada Barry, shi ma yana da asali. An gina shi a kan Fada John Corridan, wani malamin ɗariƙar Jesuit da ya shafe shekaru yana koya wa leburorin tashar haƙƙinsu, yana tattara bayanan da 'yan jarida da masu bincike suka yi amfani da su. A fim ɗin, bayan an sako wa wani lebura, Kayo Dugan, lodin akwatunan giya a ka saboda ya ba da shaida a asirce, limamin ya tsaya a kan gawar cikin ramin jirgi yana magana, ana jifansa da gwangwani da ruɓaɓɓen kayan marmari. Abin da ya ce a taƙaice shi ne wanda ya ga an yi wannan ya yi shiru, yana da kaso a cikin jinin. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta ce mai ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Addinin nan dai shi ne ya ce annamimi ba zai shiga Aljanna ba, ya kuma kwaɗaitar da rufa wa Musulmi asiri. Ashe tun asali an san abu biyu ne, kowanne da hukuncinsa. Mu ne muka cakuɗa su, kuma galibi da gangan, don wanda aka ba da shaida a kansa ba shi da makamin da ya fi ya kira mai shaidar munafuki.

To, a nan labarin yake juyawa. Shekara biyu kafin fim ɗin ya fito, Kazan da kansa ya zauna a kujerar shaida. Lokacin Amurka na cikin zazzaɓin farautar 'yan kwaminis, majalisar wakilai tana da kwamitin da ke kiran mutane yana tambayarsu ko sun taɓa shiga jam'iyyar, da kuma su wa suka gani a ciki. Tun 1947 wasu marubuta da daraktoci 10 na Hollywood suka ƙi amsawa, aka ɗaure su, kamfanonin fim kuma suka buɗe baƙin littafi: wanda sunansa ya shiga, ba shi ba aiki. Kazan ya yi zama a jam'iyyar na ɗan lokaci tsakanin 1934 da 1936, yana cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta New York mai suna Group Theatre. Da aka fara kiransa a Janairun 1952 ya amsa nasa ya ƙi faɗin na wasu. A watan Afrilu ya koma ya ambaci mutum 8 daga cikin tsofaffin abokan wasansa, har da Clifford Odets da Morris Carnovsky da matarsa Phoebe Brand. Bai tsaya nan ba, ya sayi fili a jaridar New York Times ya kare abin da ya yi, ya yi kira ga wasu su bi sahu. Schulberg ya riga shi, ya ba da nasa sunayen a 1951. Lee J. Cobb, wanda ya fito a Johnny Friendly, ya ba da nasa a 1953, bayan an matsa masa lamba na tsawon lokaci. Wato mai umarni da marubuci da mugun fim ɗin duk sun taɓa zama tantabaru.

Akwai ma wani abin da ya riga wannan. Tun farko da marubucin wasan kwaikwayo Arthur Miller, amininsa, Kazan ya shirya yin fim a kan leburorin tashar Brooklyn, Miller ya rubuta labari mai suna The Hook. Aka nemi ya mayar da miyagun labarin 'yan kwaminis maimakon 'yan daba, ya janye abinsa. Bayan shaidar Kazan abotarsu ta watse na tsawon shekaru. Da aka kira Miller gaban kwamitin a 1956 ya yi bayanin kansa ya ƙi ambaton kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Schulberg ya dage har ƙarshen rayuwarsa cewa labarin leburori ya rubuta, ba na kwamiti ba, kuma shekarun da ya yi yana bin mashayun tashar da zaman sauraron bincike suna goyon bayansa. Kazan kuwa, a littafin tarihin rayuwarsa na 1988, bai ɓoye cewa yana ganin kansa a cikin Terry ba. Inda Terry ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga murya yana cewa bai yi nadamar abin da ya yi ba, Kazan ne ke mayar wa masu zaginsa martani.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, na raye a 1952, kisan da ya yi wa miliyoyin mutane gaskiya ne, jam'iyyar kwaminis ta Amurka tana karɓar umarni daga Mosko, kuma Kazan ya fice daga cikinta ne saboda ta nemi ta juya ƙungiyar wasansu yadda take so. Suna kuma cewa sunayen da ya bayar kwamitin ya riga ya san su. Wannan ta ƙarshen, a ganina, ita ce ta fi kayar da shi. Idan an riga an san sunayen, to ba bayani ake nema ba, durƙuso ake so, a ga babban darakta ya sayar da abokansa a bainar jama'a don na ƙasa su san babu mai tsira. Sannan a duba abin da kowannensu ya faɗa. Terry ya ba da shaida a kan kisan kai da ya san yadda aka ƙulla shi. Kazan ya ba da sunayen mutanen da suka halarci taro shekara 16 da suka wuce, abin da ba laifi ba ne a dokar ƙasar lokacin da suka yi shi. A duba kuma inda ƙarfi yake. Friendly ne ke riƙe da abincin Terry da ransa, Terry ya yi magana a kan wanda ke samansa, washegari ya je layi aka ɗauki kowa, har wani ɗan shaye-shaye da aka jawo daga gefe, aka bar shi tsaye shi kaɗai. Carnovsky da Brand ba su riƙe da komai na Kazan. Kwamiti da kamfanonin fim su ne Friendly na wancan labarin, su ke nuna wanda zai yi aiki da wanda zai koma gida, kuma wajensu Kazan ya kai maganarsa. Shi ya ci gaba da aiki har ya ɗauki Oscar, su kuma ƙofar fim ta rufe a gabansu shekara da shekaru.

Ma'aunin da na samu ke nan, kuma ban ga inda ya ba ni kunya ba: a tambayi wa aka faɗa wa, a kan wa, me aka faɗa, kuma wa ya biya kuɗin maganar. Ba na cewa duk mai shaidar gaskiya sai ya tagayyara. Amma idan mutum ya buɗe baki ya wayi gari ya ƙara ƙiba, waɗanda ya ambata kuma suka rame, ya kamata a sake duba sunan da za a kira abin da ya yi. Hollywood ba ta gama wannan muhawara ba har 1999, ranar da aka ba Kazan Oscar ta girmamawa yana da shekara 89. Wasu suka miƙe suna tafi, wasu 'yan fim irin su Ed Harris da Nick Nolte suka zauna ba su ɗaga hannu ba. Na fahimci ɓangarorin biyu, don fim ɗin ya fi mai shi gaskiya, kuma da hannun mai shi aka yi shi.

Inda fim ɗin kansa ya yi mana daɗin baki shi ne ƙarshensa. An yi wa Terry dukan kawo wuƙa, leburori na tsaye suna kallo, sannan suka ce ba za su shiga aiki ba sai da shi. Ya miƙe jina-jina, sanye da rigar sanyin marigayi Joey, yana tangaɗi har ƙofar tasha, suka bi bayansa, Friendly na ihu babu mai saurarensa. Kiɗan Leonard Bernstein ya tashi, mai kallo ya ji daɗi. Amma wanda ke tsaye a ƙofar yana kiransu aiki wakilin masu jiragen ne cikin kwat mai tsada, mutanen da tsarin layin safiya ya fi amfana, kuma babu wanda ya tambaye su komai. Tun 1955 mai sharhin fim ɗan Ingila Lindsay Anderson ya soki wannan wuri, yana ganin taron sun sauya ubangida ne kawai, sun bi mai jini a fuska kamar yadda suka bi mai kuɗi a aljihu. Schulberg ma da ya mayar da labarin littafi a shekarar, bai bar Terry ya yi wannan tafiya ba, a cikin ganga aka tsinci gawarsa.

Abin da ya faru a zahiri ya fi kama da littafin. A 1953 babbar tarayyar ƙwadago ta AFL ta kori ILA saboda 'yan daba, jihohin New York da New Jersey suka kafa hukumar kula da tashar, aka soke layin safiya aka koma rajista da ɗakunan ɗaukar aiki, Ryan ya sauka. Aka kafa sabuwar ƙungiya mai tsabta, aka ba leburori zaɓi. Sau biyu ana kaɗa ƙuri'a, a Disambar 1953 da Mayun 1954, sau biyu suna zaɓen tsohuwar ƙungiyarsu, na biyun da tazarar 'yan ɗaruruwa. Wata biyu ke nan kafin a fara nuna fim ɗin. Anthony DeVincenzo, mutumin Hoboken da ya ba da shaida a gaban masu bincike, wanda ake dangantawa da Terry, ƙyama ya samu a tashar. Abin da ya sauya wurin daga tushe ƙarfe ne: a Afrilun 1956 jirgin Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58, kuma cikin shekaru kaɗan aikin ya ƙaura daga tsofaffin tashoshin Hoboken da Manhattan, ƙugiyar hannu ta zama kayan tarihi, akasarin guraben da ake kokawa a kansu suka tafi.

Wannan ba ya rage darajar abin da masu shaidar suka yi, don ba don su ba da babu binciken da zai kai ko'ina. Yana dai nuna cewa jama'ar da aka yi dominsu ba lallai su gode ba, kuma hukumar da ta karɓi shaida ba ita za ta kwana a unguwar ba. A Disambar 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta fito da tsarin ba masu kwarmata bayanan sata lada, kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. An fara da maganar lada kafin a yi dokar da za ta kare mai maganar, kuma ladan kansa yana saukaka wa ɓarawo aikinsa, don yanzu yana iya cewa kuɗi mai fallasar yake nema. A ƙauyukan Zamfara da Katsina kuma kalmar infoma ta shigo Hausa da ma'anar mai kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabtansa, wa ya sayar da shanu, wa ya dawo daga birni. Wannan shi ne annamimi na asali, mai ɗaukar maganar mai rauni ya kai wa mai bindiga. Abin takaici, a garin da ake fama da irinsa, wanda ya ga infoman da idonsa ya kan rasa wanda zai faɗa wa, don bai san kunnen da maganar za ta ƙare a ciki ba.

Na ce yaron tantabarun ya tsaya mini a rai, kuma ba don tukwanen bayan gidanmu kaɗai ba ne. Na taɓa aiki a wani ofis inda kowa ya san akwai sunaye a takardar albashi waɗanda masu su sun daɗe a kabari. Da kwamitin bincike ya zo, duk muka zama kurame da bebaye, sai wani akawu, dattijo mai sanyin magana, wanda aka tambaye shi ya buɗe fayil ya nuna. Babu wanda ya umarce mu da komai. Da azahar muna cin abinci kwano ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, washegari ya zo da cokalinsa, sai aka ga kowa ya tuna yana da wani uzuri. Wani ya ce ai Malam ya zama ɗan jarida, aka yi dariya, ni ma na yi. Ban ci ko kwabo a kuɗin nan ba, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ina dai jiran ƙarin girma a shekarar, kuma takardata tana kan teburin wanda aka ambata. Bayan wata biyu aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, mu kuma muka koma kwanonmu.

Na sake ganinsa bayan shekaru a wurin wata jana'iza, ya tsufa, yana dogara sanda. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ina iyali? Yaron nan naka mai ciwon kunne, ya warke kuwa?" Na ce ya warke, Baba, har ya shiga jami'a. Ya ce madalla, Allah ya yi masa albarka. Aka kira sahu, ya saki hannuna, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa.